Keken Iliyasu a Cikin Buhu

Shafi na 19

Masu cika min akwatin saƙo tun Laraba, wai na bar Iliyasu a tsaye a teburin mai shayi na yi tafiyata, ku yi haƙuri, taransifomar unguwarmu ce ta sake bugawa. Ga shi na dawo masa.

*

Sau huɗu Iliyasu ya kalli bidiyon kafin ya miƙa wa mai shayin wayarsa.

Kekensa ne. Ko cikin keke ɗari aka jefa shi zai nuna abinsa. Ga injinan diril guda biyu da ya tsinto a bayan shagon wani kafinta a Ɗambatta, ya sake musu kabon, ya ɗaure su ƙarƙashin sirdi. Ga sarkar babur da ya rage wa tsawo. Ga makunnin diril ɗin da ya mayar totur a hannun dama. Wata takwas yana fama da shi, tun sanda tsadar mai ta raba shi da babur ɗinsa. Abin da aka ƙara kawai koren fenti, sai farin kwali da aka liƙa a kariya.

A gefen keken ƙaninsa ne, Najib, sanye da doguwar farar riga, yana zuba Turanci mutane suna tafa masa.

"Me aka rubuta da Turanci a ƙasan sunansa a kwalin nan?" Iliyasu ya tambaya.

Mai shayin ya matso da wayar kusa da idonsa.

"Wanda ya ƙirƙira." Ya ɗago yana dariya. "Ashe ƙaninka ne ya haɗa maka? Mu kuma muna ta yi maka kirari a kasuwa."

Iliyasu ya miƙe. Ya bar shayin da ko rabi bai sha ba, ya rufe rumfarsa ta gyaran injin ban-ruwa tun azahar ba ta yi ba, ya rataya jakar kayan aiki ya kama hanyar gida.

Daga Makoɗa zuwa ƙauyensu tafiyar awa ɗaya da rabi ce a ƙafa. Sati uku kenan yana yin ta safe da yamma, tun ranar da Najib ya ce a ara masa keken na kwana biyu, zai nuna wa abokansa a kwalejin fasahar da yake karatu a Kano. Hanyar duk gonaki ne, ana ta cirar gyaɗa. Duk wanda ya ɗago daga kunyarsa sai ya jefo masa tambaya ɗaya.

"Mai jirgi, ina jirgin naka?"

Hannu kawai yake ɗagawa ya wuce.

Takalmin Najib ya fara gani a ƙofar zaure.

Mahaifinsu, Malam Ɗan Iya, yana zaune kan buzunsa da carbi a hannu. Najib na gefen tabarma ya sunkuyar da kai. Tsakaninsu wani buhun taki ne ɗaure da igiya. A jikin bango kuma an jingine gangar jikin keken, kore shar, ba taya, ba inji, ba sarka.

Iliyasu ya yi sallama, ya durƙusa ya gaishe da mahaifinsa.

"Babba, yau ka dawo da wuri," in ji Malam. Ba ya kiran sunansa, ɗan fari ne.

"Na dawo, Baba."

"Sannu da zuwa, Yaya," in ji Najib, muryarsa can ƙasa.

Iliyasu ya miƙe tsaye. Ya nuna buhun.

"Mene ne a ciki?"

Najib ya dubi mahaifinsu.

"Najib, da kai nake."

"Kayan keken ne."

"Kayan keken."

"Malamin da ke duba aikina ne ya ce sai na kawo awon haƙoran giyar injin da ke ciki. Sai na kwance. Na ɗauka yadda na kwance haka zan mayar."

"Aikinka."

Najib ya ɗago ya kalle shi, ya gane an riga an gani. Ya sake sunkuyawa.

"Yaya, ka tsaya in yi maka bayani."

"Ai na ji bayaninka. Da Turanci ma. Har tafi aka yi maka."

"Ba yadda kake zato ba ne."

"To yaya ne? Faɗa min da Hausa, tunda ita na iya."

Najib ya fara bayani.

"Kowane ɗalibin shekarar ƙarshe sai ya haɗa wani abu da hannunsa. Ni injin ɓarar gyaɗa na fara. Wata huɗu ina kai, ya ƙi tashi. Lokaci ya ƙure. Idan ban kai komai ba shekara guda zan maimaita. Ni ban san wani zai ɗauki bidiyo ya watsa ba, wallahi. Na ɗauka a aji abin zai tsaya."

"Wato da a aji ya tsaya, ba sata ba ce."

"Babba," in ji Malam. "Sassauta harshenka."

Iliyasu ya juya ga mahaifinsa. Ya ɗauka zai ga ɓacin rai a fuskar tsohon, irin wanda yake nunawa idan ɗalibi ya ɗauki alƙalamin wani. Bai gani ba. Malam yana jan carbinsa ne, idonsa na kan buzu.

"Baba, ka ji abin da ya yi?"

"Na ji."

"Yau ka ji?"

Carbin ya tsaya.

"Ni na ce ya ɗauka."

Iliyasu ya ja da baya. Ya zauna a dandaryar ƙasa, jakar kayan aikin tana rataye a kafaɗarsa.

"Kai, Baba?"

"Ya zo min yana kuka ranar da ya dawo hutun ƙarshen mako. Na duba, na ga ga abu a gida, ɗan'uwansa ne ya yi, jini ɗaya. Na ce ya ɗauka. Da suka ce tunda ba a makaranta aka haɗa ba sai wani babba ya shaida, ya kawo takarda na sa hannu."

"Ka sa hannu cewa shi ya haɗa."

"Na sa hannu."

"Me ya hana a tambaye ni?"

"Da ka yarda?"

"Ban sani ba, Baba. Amma da an tambaye ni."

Malam ya gyara zama.

"Saurara, Babba. Kai Allah ya ba ka hannu. Yau aka karɓe wannan, gobe ka haɗa wanda ya fi shi. Shi takarda yake nema, takardar nan kuwa ba tasa ba ce shi kaɗai, ta gidan nan ce. Idan ya samu aiki waye zai ji daɗi? Ba kai ba ne da 'ya'yanka?"

"Haka aka ce min shekara ashirin da suka wuce."

"Wace magana ce wannan?"

"Shekarar da ka kwanta ciwo. Ina aji uku a sakandare, ni ne na ɗaya a lissafi. Aka ce Babba ya dawo ya kama gona, shi mai ƙarfi ne, ko babu takarda zai ci abinci. Na dawo. Ban taɓa tayar da maganar ba sai yau."

"Gori za ka yi min?"

"Ba gori ba ne. Tambaya nake. Na ba da makaranta, na kama gona, duk gyaɗar da na noma rabinta Kano take tafiya. Abu ɗaya tak na yi wa kaina. Shi ma na gida ne?"

Najib ya share ido da bayan hannu.

"Yaya, ka yafe min. Ran Litinin manyan malamai za su zo daga waje, zan hau keken a gabansu. Idan ya tashi na gama. Wallahi ranar zan dawo maka da shi."

"Da sunan wa a jiki?"

Najib ya kawar da kai.

Iliyasu ya jawo buhun ya kwance igiyar. Abin da hannunsa ya fara taɓawa ba ƙarfe ba ne. Littafi ne, mai shuɗin bango da ya sha baƙin mai. Littafinsa na zane. A nan ya rubuta komai, rabi da boko rabi da ajami: haƙoran faifan sarka nawa, wace waya ke shiga ina, abin da ya gwada ya ƙone, abin da ya gwada ya yi. A akwatin ƙarfe yake ajiye shi ƙarƙashin gado. Mutum biyu ne suka san inda mukullin yake.

Ya miƙe da littafin a hannu ya shige cikin gida.

Matarsa Sauda tana bakin murhu tana murza tunkuza, za ta yi ƙuli-ƙuli. Tana ganin abin da ke hannunsa ta tsame hannunta daga kwano.

"Baban Tahira…"

"Ke kika bayar?"

Ta dubi ƙasa.

"Baba ne ya zo da kansa har ƙofar ɗaki. Tunda aka kawo ni gidan nan bai taɓa takowa nan ba sai ranar. Ya ce in ɗauko, ya ce kuma kada in faɗa maka."

"Sai kika ɗauko."

"Ka faɗa min yadda zan ce masa a'a. Ni ban iya ba."

"Ni kin iya yi min shiru sati uku."

"Kana zaton daɗi na ji? Kullum ka dawo ƙafarka a kumbure, ni ke dafa ruwan gasa ta. Sau nawa na buɗe baki maganar ta maƙale."

"Sanda nake naɗa wayoyin nan ke kike riƙe min filaya. Ranar da ya fara tashi ke kika fara ganin tayar na juyawa. Kin san na waye."

"Na sani."

"To yau a kasuwa an ce min ƙanina ne ya haɗa min."

Sauda ta rufe fuska da gefen zaninta. Ya tsaya yana kallonta, yana jiran fushin ya zo ya yi mata faɗa ya huta. Bai zo ba. Abin da ya tsaya masa a ƙirji ya fi fushi nauyi, kuma ba shi da inda zai sauke shi. Ya juya.

"Za ka haɗa masa?" ta tambaya.

"Ke me kika gani?"

"Ni dai ina tsoron bakin Baba."

"Kowa a gidan nan shi yake tsoro. Babu mai tsoron nawa."

Ya koma zaure. Bai kalli kowa ba, ya kama gindin buhun ya zazzage kan tabarma. Notuna suka watse. Ya durƙusa ya fara jerawa, kamar yadda yake yi wa injin da manomi ya kawo masa bayan wani ya jagwalgwala.

Ya ɗaga ɗaya daga cikin injinan ya juya shi.

"Da me ka buɗe wannan?"

"Sukuddireba."

"Da guduma dai. Ka fasa murfin giya." Ya ɗauki wani abu. "Wannan wayar me ta yi maka ka yanke ta?"

"Ta ƙi fita."

"Ba ta fita. An yi ta ne don kada ta fita."

Ya ɗauki ƙaramin faifan haƙora da ya yanka da hannunsa daga wani tsohon faranti na ƙarfe. Kwana tara ya yi yana goga shi da zarto, haƙori bayan haƙori, har fatar yatsunsa ta sale. Biyu daga cikin haƙoran sun karye. Ya daɗe yana kallonsa a tafin hannunsa.

"Zai gyaru?" Malam ya tambaya.

"Zai gyaru."

"Kafin Litinin?"

"Idan na rufe rumfa gobe da jibi."

"To ka rufe."

Iliyasu ya ajiye faifan.

"Zan haɗa, Baba. Amma a rubuta sunana. Ko a ƙasa ne, ko da ƙaramin rubutu. A ce Najib da yayansa."

Malam ya dubi Najib. Najib ya girgiza kai a hankali.

"Ba zai yiwu ba, Yaya. Kai ba ɗalibi ba ne. Idan suka ga sunanka sun san ba ni na yi ba, kora ta za su yi gaba ɗaya. Kuma ga takardar da Baba ya sa wa hannu."

"Wato sunana shi ne abin kunyar."

"Ba haka nake nufi ba."

"Suna fa, Babba," in ji Malam, muryarsa ta fara tauri. "A kan suna za ka bar ƙaninka ya wulaƙanta? Allah ai ya san wanda ya yi."

"Ya sani, Baba. Shi ya sa nake mamakin sa hannun."

A iya rayuwarsa Iliyasu bai taɓa mayar wa mahaifinsa magana irin wannan ba. Tsohon ya ɗago ya kalle shi.

"Ni kake faɗa wa haka?"

"Ka gafarce ni."

"Na ce ka haɗa keken nan. Umarni ne. Idan kuwa ka ƙi, ka sani ban yafe ba."

Iliyasu ya sunkuyar da kai. Ya zuge jakarsa, ya fito da sifana da filaya ya ajiye a gefen tabarma. Ya ci gaba da jera kayan. Inji biyu. Sarka. Totur. Fis. Ƙaramar cajar da ya haɗa. Ya sake duba buhun, ya zura hannu har ƙasa.

"Ina batirin?"

"Yana makaranta," in ji Najib. "Ya yi nauyi, kuma shi ban taɓa shi ba. Na bar shi a caji a ɗakin aiki don ya cika kafin Litinin."

Iliyasu ya dubi cajar da ke kan tabarma.

"Ga cajarsa nan. Da me ka jona shi?"

"Taka ba ta sauri. Na ari wata babba, ta batirin mota."

"Tun yaushe?"

"Jiya da yamma, kafin a rufe."

"Ka cire?"

"Da asuba na kamo hanya daga masaukinmu. Ban biya ta makaranta ba."

Iliyasu ya ɗago a hankali. Batirin nan da tsofaffin ƙwayoyin batirin kwamfuta ya haɗa shi, ɗaya bayan ɗaya. Ya san halinsa kamar yadda ya san halin 'yarsa. Shi ya sa ya yi masa caja mai bi a sannu, kuma bai taɓa barin sa a wuta ya fita ko da masallaci ba.

"Shafi na ƙarshe a littafin nan, inda na rubuta gargaɗi kan cajin batirin, ka karanta?"

"Da ajami ne, Yaya. Ban iya sosai ba."

"Ina wayarka?"

"Na kashe ta tun jiya. Mutane sun dame ni da kira a kan bidiyon."

"Kunna. Kira duk wanda ke da mukullin ɗakin nan, yanzu."

"Lafiya?" in ji Malam.

Kafin Iliyasu ya amsa suka ji ƙugin mota ta tsaya a ƙofar gida. Mota ba ta cika shigowa lungun ba sai ta 'yan sarin hatsi. Aka rufe ƙofa sau biyu, aka yi sallama.

Mutum biyu ne. Na gaba dattijo ne siriri mai tabarau, rigarsa duk ta yamutse. Na bayansa ƙaƙƙarfa ne, cikin kayan gida, amma tsayuwarsa ba ta mai kayan gida ba ce. Najib ya zabura ya miƙe.

"Baba, Injiniya Muntaka ne, malamin da ke duba aikina."

Aka gaisa. Malam ya sa aka gyara musu tabarma. Injiniya ya zauna, ɗayan ya ce shi ya fi son tsayuwa, ya tsaya a bakin ƙofa. Injiniya ya bi kayan da ke baje da kallo, ya dubi littafin, ya dubi baƙaƙen hannayen Iliyasu, sannan ya dubi na Najib.

"Tun safe muke neman ka a waya," ya ce da Najib. Bai jira amsa ba ya juya ga Malam. "Allah gafarta Malam, ka yi haƙuri mun zo ba sanarwa. A hanya duk wanda muka tambaya gidanka sai ya ce, ai Malam Ɗan Iya, wanda idan ya ba da shaida an gama magana. Shi ya sa hankalina ya ɗan kwanta."

Malam ya ci gaba da jan carbinsa.

Injiniya ya zaro takarda daga aljihu ya warware.

"Wannan sa hannunka ne?"

"Nawa ne."

"To tambaya ɗaya zan yi, don yanzu maganar ta wuce ta maki. Keken nan, da injinsa da batirinsa da komai, waye ya haɗa shi?"

Iliyasu ya buɗe baki.

"Baba, kafin ka…"

Malam ya ɗaga masa hannu ba tare da ya kalle shi ba.

Shekara talatin da wani abu Malam yana karantar da Alƙur'ani a wannan zaure. A nan ake raba gardamar iyakar gona, a nan ake kawo rigimar gado. Iliyasu yana yaro ya taɓa ganin sa ya ba da shaida a kan ƙaninsa uwa ɗaya uba ɗaya, aka yi shekara biyu ba sa magana. Sa hannu a takarda daban, a ransa yake cewa, amma da baki, a gaban mutane, Malam ba zai iya yin ƙarya ba.

"Najib ne," in ji Malam.

"Da idonka ka gani?"

"Da idona. A tsakar gidan nan."

"Babu wanda ya sa masa hannu?"

"Babu."

Injiniya ya dubi Iliyasu.

"Wannan fa?"

"Yayansa ne. Manomi ne, yana ɗan taɓa gyaran injin ruwa. Notuna yake taya shi tsincewa."

Iliyasu ya ji maganar ta shige shi har ƙashi. Ya dubi sifanar da ke gabansa. Bai ɗago ba.

Injiniya ya ninke takardar, ya cire tabarau ya murza idonsa da suka yi ja.

"Najib, ka ji abin da mahaifinka ya ce. Haka ne?"

"Haka ne, Malam."

"Har batirin?"

"Har shi."

"To." Injiniya ya numfasa. "Batirin da ka bari a caji ya kama wuta jiya bayan an tashi. Ɗakin aikin ya ƙone ƙurmus, da injinan ciki, da aikin ɗalibai goma sha ɗaya. Wannan duk mai sauƙi ne. Maigadinmu, Baba Kamilu, ya fasa ƙofa ya shiga zai kashe, abin ya fashe masa a fuska. Yana asibiti. Likita ya ce ko ya tashi, da wuya ya sake gani."

"Innalillahi wa inna ilaihi raji'un," in ji Malam. Carbin ya zame daga hannunsa.

Injiniya ya nuna mutumin da ke bakin ƙofa.

"Wannan jami'in 'yan sanda ne. 'Ya'yan Baba Kamilu sun kai ƙara. An ce a zo da wanda ya haɗa batirin."

Jami'in ya tako ɗaya zuwa ciki.

"Najib Ɗan Iya, ɗauko takalminka."

Najib ya ja da baya har bayansa ya bugi gangar keken, ta faɗi ƙasa da ƙara. Ya dubi mahaifinsa, ya dubi ƙofa. Sai ya ɗaga hannu ya nuna Iliyasu.

"Ba ni ba ne. Wallahi ba ni ba ne. Ni ko waya ɗaya ban naɗa ba. Yaya ne ya haɗa shi. Ga littafinsa nan, ku duba, duk rubutunsa ne."

Jami'in ya sunkuya ya ɗauki littafin ya fara buɗawa.

Daga bayan labulen ƙofar cikin gida Iliyasu ya ji kukan Sauda ya ƙwace mata.

Injiniya Muntaka ya mayar da tabaransa, ya juya ga tsohon.

"Allah gafarta Malam, yanzu ka ce da idonka ka gani. Wanne za mu ɗauka?"

Malam Ɗan Iya ya daɗe yana kallon ƙaramin ɗansa da ke rakuɓe jikin bango yana kuka. Sannan, karo na farko tun shigowar baƙin, ya juyo ya dubi Iliyasu ido cikin ido. Muryarsa ta yi laushi, irin wadda yake lallashin mai jinya da ita.

"Babba," ya ce, "ka ji tsoron Allah ka faɗa musu gaskiya. Kai ka haɗa shi."